Garmahon Kakana da Ƙarafansa da Suka Watse

Bara da rani, da muka tashi rushe tsohuwar shigifar kakana a ƙauyenmu na ƙasar Dambatta, sai muka ci karo da wani baƙin akwati a ƙarƙashin tarin buhunan algarara da ruɓaɓɓun tabarmi. Yaran da ke taya mu kwasar kaya sun ɗauka keken ɗinki ne. Baffana, wanda ya ba saba'in baya, ya tsuguna ya share ƙurar da hannun rigarsa. Da ya ɗaga murfin sai ya biyo hannunsa gaba ɗaya, domin babu sauran abin da ke riƙe da shi. A cikinsa ga hoton farin kare ya karkata kai yana sauraron ƙaho. Baffa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Garmahon Baba ne. Rabona da shi tun kafin ƙarin albashin Udoji."

Kuɗin gyaɗa ne ya kawo shi gidanmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da ta biyo baya kuma kamfanonin Turawa suka fara rububin sayen gyaɗa. Ƙasarmu ta arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi, Minjibir, Makoɗa da Dambatta, ba ta san saura ba. Gona tana jikin gona, gida yana hango gida, kowace shekara sai an noma, taki ne kawai ke riƙe da ƙarfin ƙasar, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga birni a mangala. A irin wannan matsi manomi ya samo wa gyaɗa wuri tsakanin gero da dawa, ita ce ta zama hanyar ganin tsabar kuɗi sau ɗaya a shekara. Kakana yaron wani mai sayen gyaɗa ne, shi ke tsayawa kan sikeli a ƙauye, buhunan su wuce Kano inda ake jera su dala-dala, sana'ar da ta ɗaukaka sunan Alhassan Ɗantata. Wata kaka da ta yi kyau, a farkon shekarun 1950, ya shiga kanti a Kano ya dawo da akwatin nan ɗaure a bayan kekensa. Tsararrakinsa wasu kwanon rufi suka saya, wasu suka ƙara aure.

Na'urar kanta ta yi doguwar tafiya kafin ta iso mana. Thomas Edison na Amurka ya fara ɗaukar murya a 1877, amma a jikin wani abu mai kama da gwangwani. Emile Berliner ne ya fito da shimfiɗaɗɗen zagayayye a 1887, wanda da Bahaushe ya gani bai wahalar da kansa neman suna ba, ya ce faifai, kamar wanda mata ke saƙawa su rufe ƙwarya. Sunan ya fi abin tsawon rai, tunda yau yaron da bai taɓa ganin garmaho ba yana cewa faifan bidiyo. Namu ƙirar His Master's Voice (HMV) ne mai lamba 102, wanda aka fara ƙerawa a Hayes kusa da Landan a 1931, aka yi ta fitar da shi har wajen 1960. Ba ya son wuta, ba ya son batir. Ka wana hannunsa sifirin ya ɗaure, faifai ya riƙa juyi 78 a minti, allurar ƙarfe ta bi zanen, sautin ya ratsa wani ƙaho da aka naɗe a cikin akwatin ya fito. Domin ƙauyen da bai san lantarki ba, kamar don shi aka yi.

Tun ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan, da harsuna da dama har da Hausa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Decca da HMV suka riƙa ɗauka a nan yankin, kantunan UAC suna sayarwa. Faifai goma sha ɗaya muka tarar a shigifar, bakwai sun tsage. A cikin masu rai akwai ɗaya mai lambar GV, wato kiɗan Kyuba da HMV ta baza a Afirka tun 1933, akwai biyu masu rubutun Larabci da wani alhaji ya yi wa kakana tsaraba. Na huɗun gara ta cinye takardarsa ƙaf, ba suna ba lamba.

Baffa ya ce bayan sallar isha, in da farin wata, ake fito da shi ƙofar zaure a ɗora kan turmi. Kowane gefe na faifai minti uku ne, kuma ka'ida a sauya allura duk gefe, amma gongonin allura ɗari biyu sai an je Kano, don haka aikin Baffa yana yaro shi ne wasa tsofaffin a kan dutse. Wannan tattali shi ya cinye faya-fayan, amma wa zai ga laifinsu? Mata suna saurare ta bayan danga. Ana aronsa ranar biki a dawo da shi da goro. Limamin garin bai taɓa zama wurin ba, kakana kuwa yana girmama shi, ba ya kunnawa da azumi ko lokacin da almajirai ke karatun dare.

Rediyo ce ta fara kashe masa kasuwa. Ta waya da aka kafa a Kano a 1944 ba ta fita birni ba, amma da ƙaramar mai batir ta zo, ga Sashen Hausa na BBC tun 1957, ga Rediyon Kaduna tun 1962 tana sako Shata da Ɗanƙwairo kyauta, sai wanawa ta zama wahala. Kaset ya biyo baya. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka tafi da kuɗin, allura ta ɓace daga kantuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ƙarafansa suka watse. Na bi gidan ɗaki-ɗaki ina tambaya, sai na gane babu wanda ya yi masa ɓarna. A wurin da ba a zubar da karan dawa, ba a barin tokar murhu ta tafi banza, ƙarfe mai kyau ba zai kwanta shekara hamsin ba aiki ba. Ƙarafa biyun da ke haɗa murfi da akwati suna jikin akwatin katako na auren gwaggona, na gan su da idona, har yanzu ba su yi tsatsa ba. Makullin gaba ya koma tagar ɗakin Baffa. Mariƙin ɗauka an maƙala shi a wata tsohuwar jakar makaranta da ta daɗe da ɓata. Ɗan aljihun kusurwa da ake zuba allura, kakata ta mai da shi mazubin kwalli. Hannun wanawa ne kawai ba wanda ya san inda ya yi. Da na nuna sha'awa Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, in kana so ɓalle abinka." Na ce mata a'a, Gwaggo, sun fi shekara arba'in a wurinki, nan ne gidansu.

Masu tara irin waɗannan kaya a Ingila da Amurka suna neman kowace kusa ta asali, har su saye mataccen garmaho don su ciri makulli ɗaya. Ana samun kayan ta intanet, ni ma na leƙa, kuma a nan ne na sayi allura da robar da ke riƙe tantanin kan sauti, domin waɗannan biyu ba su da madadi. Sauran na ga bai kamata in nemo daga waje ba alhali masu hannu suna raye a kusa. Wani dattijo mai gyaran agogo da keken ɗinki a Fagge ya kwance injin. Ya naɗe hannunsa da tsumma kafin ya zaro sifirin daga gwangwaninsa, ya kuma matsar da ni gefe, ya ce in ya kuɓuce yana iya raba mutum da yatsa. Tsohon giris ya daskare kamar ƙaro, shi ya sa faifai ke zabura in yana juyi. Ya wanke da kananzir, ya shafa sabo. Maƙerin fari a Kasuwar Kurmi ya auna ramukan kusoshin da tsinke, ya ƙera ƙarafan murfi da makulli da tagulla. Maƙerin garinmu ya lanƙwasa hannun wanawa, mai walda a Dambatta ya yanka masa zare, sai a karo na uku ya shiga daidai. Baduku ya ɗinka mariƙi da jar fata. Masanin kayan tarihi zai gane da kallo ɗaya cewa ba na Hayes ba ne, ni kuwa hakan ya fi mini.

Ranar da muka kunna shi, faifan nan marar suna na ɗora. Bayan ƙarar yashi sai ga goge, ga ƙwarya, ga muryar namiji yana waƙa da Hausa, yana kiran sunayen mutanen da babu wanda ya sani a cikinmu. Baffa ya sunkuyar da kai har minti ukun suka cika. Na ɗauka da waya nan take, ban sake ɗora masa allura ba.

Akwati maƙeri zai gyara, faifai kuwa in ya fashe muryar ta tafi, kuma mai yiwuwa babu wani kwafinta a duniya. Don haka ina roƙon duk wanda zai rushe tsohon ɗaki ya duba kafin 'yan gwangwan su auna masa a kilo. In ka sami faifai, tsai da shi a tsaye cikin inuwa, kada ka goge shi da sifirit domin narkewa yake yi, kada kuma ka ɗora allurar ƙarfe kan na roba irin na shekarun 1970. In ba ka da wurin ajiya, ka tuntuɓi Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko Arewa House a Kaduna.