Haɗakar fayiloli

haɗakar fayiloli (suna, mace). A fannin shirin kwamfuta na harkokin kasuwanci: tattara fayiloli biyu ko fiye masu tsari iri ɗaya su koma fayil guda, ba tare da jerin bayanan ya wargaje ba. Sharaɗinta shi ne kowane fayil ya zo a jere tun farko bisa mabuɗi ɗaya, kamar lambar asusu. Kwamfuta takan duba bayanin da ke kan gaba a kowane fayil, ta ɗauki mai ƙaramar lamba ta rubuta, ta sake kwatantawa, har su ƙare. Shi ya sa ta dace da zamanin tef ɗin maganaɗisu, wanda ake karantawa daga farko zuwa ƙarshe.

A harshen COBOL, wanda aka ƙirƙira a 1959, umarnin MERGE ke wannan aiki. Umarnin ya shigo ne a ƙa'idar COBOL ta 1974. Ba ya share maimaici: in lamba ɗaya ta fito a fayilolin biyu, dukansu za su shiga, na fayil ɗin da aka fara ambata a gaba. Sababbin hannu sukan manta da wannan, sai lissafi ya ninka.

*Misali:* An yi haɗakar fayilolin rassa biyu kafin a fitar da albashi.