Kunun kanwa, siliniyom da zuciyar mai jego: tarihin wani bincike daga Zariya zuwa Kano

Akwai wani ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Mace ce lafiyayya, ba ta taɓa kukan zuciya ba, sai kawai a ga ƙafafu sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matasai. A Basirka, Gwaram ko Birnin Kudu, sau da yawa za ka ji an ce sanyi ne ya shige ta, wai ba ta yi wanka da kyau ba. A asibiti kuwa abin da ake gani shi ne tsokar zuciya ta yi laushi, ta kasa harba jini yadda ya kamata. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da wannan ciwo ya fi yawa a duniya, kuma babban ɓangare na tarihin bincikensa a nan gida aka rubuta shi.

Zariya: shekarun Parry

A 1969 wani likita ɗan Birtaniya, Eldryd Parry, ya zama farfesan likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello. Kafin nan ya yi aiki a Ibadan da Adis Ababa. Abin da ya ja hankalinsa a Zariya shi ne yawan masu jego da ake kwantarwa da gazawar zuciya. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka bi diddigin mata 224, suka fitar da cikakken rahoto a 1978. Ƙiyasinsu shi ne kusan ɗaya cikin ɗari na matan Hausawa da suka haihu a yankin na kamuwa. Sun kuma lura ciwon ya fi tashi a watannin zafi da damina.

To me ya sa Hausawa? Sai suka duba al'adar jego: wankan ruwan zafi safe da yamma har a yi arba'in, kwanciya kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kuma kunun kanwa. Kanwa cike take da sinadarin sodiyom, irin wanda ke cikin gishiri. Sodiyom yana riƙe ruwa a jiki, ruwan yana ƙara yawan jinin da zuciya za ta tura. Zafi kuma yana buɗe hanyoyin jini na fata, dole zuciya ta ƙara gudu. Ka ga an haɗa mata kaya biyu kenan a lokacin da take ƙoƙarin farfaɗowa daga wahalar ciki.

Maganin da suka yi amfani da shi ya dace da wannan tunani. Akwai magungunan sa fitsari, masu tilasta wa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa. Akwai kuma digoksin, tsohon magani da asalinsa ganyen wata shuka ce ta Turai, wanda William Withering ya yi bayaninsa tun 1785. Aikinsa shi ne ƙara wa bugun zuciya ƙarfi. Mata da yawa sun warware cikin sauri. A 1979 John Sanderson ya yi amfani da na'urar hoton zuciya a Zariya, ya ga cewa a cikin matan akwai waɗanda zuciyarsu ke matsawa da ƙarfinta, ruwa ne kawai ya yi mata yawa. Parry ya bar Zariya a 1977 zuwa Ilorin, ya rasu a 2022, amma bayanin kanwa ya zauna daram a littattafan likitanci na duniya.

Yamai da Sakkwato: tambaya ta sake tashi

Sai dai akwai abin da bayanin bai warware ba. Kusan kowace mai jego a ƙasar Hausa tana shan kunun kanwa, me ya sa ƙalilan ne ke kamuwa? A Yamai, likita Arnaud Cénac da abokansa suka auna jinin masu ciwon, suka ba da rahoto a 1992 cewa sinadarin siliniyom ya yi ƙasa a jikinsu. Siliniyom ɗan kaɗan jiki ke buƙata, amma da shi ake gina wasu sinadaran da ke kare ƙwayoyin zuciya daga lalacewa. Daga ƙasar noma yake shiga hatsi, daga hatsi ya shigo mu. An riga an san labarin gundumar Keshan a ƙasar Sin, inda ƙarancinsa ya jawo annobar ciwon zuciya ga yara da mata matasa, kuma raba ƙwayoyinsa a shekarun 1970 ya rage ta ƙwarai. A 2007 kuma Simeon Isezuo ya ruwaito daga Sakkwato cewa ana samun ciwon sau ɗaya cikin haihuwa 102. Wato shekara talatin bayan Parry, adadin bai motsa ba.

Kano: aikin Karaye

Nan ne Kamilu Musa Karaye ya shigo, farfesa a Jami'ar Bayero kuma likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A kan wannan ciwo ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin. A 2015 ya kwatanta masu ciwon da masu jego lafiyayyu a Kano: kimanin uku cikin huɗu na marasa lafiyar siliniyom ɗinsu ya yi ƙasa sosai, alhali a lafiyayyun kusan ɗaya ce cikin biyar.

Daga nan ya jagoranci rajistar da ake kira PEACE, wadda ta tattara mata 406 daga asibitocin sassan Najeriya, aka buga sakamakonta a 2020. Mafi yawansu daga Arewa maso Yamma suke, a Kano kuma adadin ya kai ɗaya cikin haihuwa 96. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, wankan jego da kunun kanwa ba su bambanta masu ciwon da lafiyayyu ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, hawan jinin masu ciki, rashin karatun boko da rashin sana'a. A taƙaice dai, talauci. Cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, kuma masu shan magungunan beta-buloka a kai a kai sun fi tsira. Waɗannan magunguna suna rage wa zuciya gudu ne don ta samu ta huta. James Black, wanda ya ƙirƙiro na farkonsu da ya karɓu, ya samu kyautar Nobel a 1988.

Tawagar ta kuma gwada siliniyom a matsayin magani: mata 100, wasu aka ƙara musu maikirogiram 200 a kullum na wata uku a kan maganin da aka saba. Alamomin ciwon sun ragu a wurin waɗanda suka sha. Gwaji ne ƙarami fa, na share fage, kuma siliniyom idan ya yi yawa guba ne. Don haka ba abin da mutum zai je kemis ya saya wa kansa ba ne.

Maganin da ke tsayar da nono

A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner a Jamus ta nuna cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, yana iya tsinkewa ya bar wani guntu mai lalata ƙananan jijiyoyin jinin zuciya. Maganin bromokiriptin yana hana fitar furolaktin, kuma gwajin Karen Sliwa kan mata 20 a Afirka ta Kudu a 2010 ya ba da fata. Matsalar ita ce yana ƙafar da nono. A ƙauyen da madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu, ruwan sha kuma na rijiya ne, ceton uwa ta wannan hanya na iya jefa jariri cikin haɗari. Shi ya sa likitocinmu ke auna shi da taka-tsantsan.

Shin kanwa ta wanku kenan? Ba gaba ɗaya ba. Binciken Kano ya nuna ba ita ce tushen ciwon ba, amma lissafin Parry game da sodiyom yana nan: macen da ke da hawan jini ko zuciyarta ta riga ta raunana, kanwa da gishiri ƙara mata nauyi za su yi. Mai jegon da ta fara kumburi, haki, ko tarin dare, ba ƙarin ruwan zafi take buƙata ba. A kai ta asibiti mafi kusa, daga nan a tura ta babba irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu domin a duba zuciyarta. Idan an ɗora ta a kan magani kada ta daina don ta ji sauƙi, kuma ta nemi shawarar likita kafin ta sake ɗaukar wani cikin, domin ciwon yana iya dawowa.