Daga Gadi Zuwa Lura: Sinadaran Ƙwaƙwalwa da Sauyin Aikin Jinyar Masu Taɓin Hankali, 1921–2022

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin yadda ilimin sinadaran da ke isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya ya shiga ɗakunan jinyar masu taɓin hankali a Turai da Amurka, daga gwajin Otto Loewi na 1921 zuwa muhawarar sirotonin ta 2022. An nuna cewa magungunan sun riga bayaninsu zuwa, kuma illolin da suka bayyana a jikin majinyata su ne suka haska wa masu bincike hanya. An kuma bayyana yadda wannan ilimi ya sauya aikin ma'aikacin jinya daga tsaron ƙofa zuwa lura da alamu, da haɗarin da ke cikin taƙaita ciwo da cewa ƙarancin wani sinadari ne kawai.

1.0 Gabatarwa

A ƙarni na 19 da farkon na 20, gidajen mahaukata na Turai da Amurka manyan gine-gine ne da ake kafawa a bayan gari, wasu na ɗauke da dubban mutane. Horar da masu kula da su ya fara a makare: asibitin McLean da ke jihar Massachusetts ya buɗe makarantar jinyarsa a 1882, sannan ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya ta fitar da littafin jagora ga masu hidima a 1885. Yawancin aikin na tsaro ne: riƙe mabuɗai, ƙidaya wuƙaƙe bayan cin abinci, raba faɗa, da ba da maganin barci. Hanyoyin da suka zo daga baya, irin su dogon suma ta hanyar allurar insulin, da girgizar lantarki da Ugo Cerletti da Lucio Bini suka fara a birnin Rum a 1938, sun ƙara wa ma'aikatan jinya aikin hannu ba tare da sun ba su bayanin abin da ke faruwa a cikin kai ba. A 1955 asibitocin taɓin hankali na jihohin Amurka suna ɗauke da mutane kimanin 559,000.

2.0 Zuciyar Kwaɗo da Asalin Ilimin

A ƙarshen ƙarni na 19 Santiago Ramón y Cajal ya nuna cewa ƙwaƙwalwa ta ƙunshi ƙwayoyin jijiya ɗai-ɗai, kuma a 1897 Charles Sherrington ya raɗa wa mahaɗar da ke tsakaninsu suna. Abin da ya rage shi ne yadda saƙo ke tsallaka wannan ɗan giɓi.

A 1921, a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, Otto Loewi ya tsokani jijiyar da ke rage bugun zuciyar kwaɗo, ya ɗebi ruwan da zuciyar ke ciki ya zuba wa wata zuciyar da ba a tsokani jijiyarta ba. Ita ma sai bugunta ya ragu. Ke nan jijiyar ta saki wani abu a cikin ruwan. Daga baya aka tabbatar cewa asitilkolin ne, sinadarin da Henry Dale ya bayyana aikinsa tun 1914. Su biyun sun raba kyautar Nobel a 1936. Duk da haka, masana da yawa sun ci gaba da ganin cewa a cikin ƙwaƙwalwa lantarki ne kaɗai ke tsallaka mahaɗar, har sai da jagoransu John Eccles ya sauya ra'ayi a 1951 bisa sakamakon gwajinsa.

Tsarin da aka amince da shi daga ƙarshe shi ne: saƙon lantarki ya isa ƙarshen ƙwayar jijiya, ta saki sinadari cikin giɓin, sinadarin ya maƙale wa makarɓan da ke jikin ƙwaya ta gaba, sannan a kawar da shi, ko dai ta hanyar rusa shi ko ta hanyar tsotse shi ya koma inda ya fito. Akasarin magungunan taɓin hankali suna taɓa ɗaya daga cikin waɗannan matakai ne. Ulf von Euler ya gano matsayin noradirenalin a 1946, an ware sirotonin daga jini a Cleveland a 1948, kuma Betty Twarog ta same shi a cikin ƙwaƙwalwa a 1953.

3.0 Magani Kafin Bayani

Babu ɗaya daga cikin manyan magungunan farko da aka ƙirƙira bisa wannan ilimi. A 1949 John Cade ya wallafa a Ostireliya cewa gishirin litiyam yana kwantar da masu tsananin zabura. A Disamba 1950 Paul Charpentier ya haɗa kilofuromazin a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa, kuma likitan tiyata Henri Laborit ya lura yana sa majinyaci ya daina damuwa da abin da ke kewaye da shi ba tare da ya suma ba. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne na birnin Paris. Masana tarihin likitanci sun rawaito cewa da farko ana haɗa maganin da sanyaya jikin majinyaci da ƙanƙara, kuma ma'aikatan jinya ne suka lura cewa yana aiki ko da babu ƙanƙarar. An sayar da shi da sunan Largactil a Turai, da Thorazine a Amurka daga 1954.

Haka labarin yake ga magungunan tsananin damuwa. Ifuroniyazid maganin tarin fuka ne, amma aka ga yana faranta ran masu shan sa, har Nathan Kline ya ba da rahoton amfaninsa a 1957. A shekarar kuma Roland Kuhn ya bayyana imifuramin a Suwizalan, maganin da aka fara gwadawa da fatan zai yi aiki irin na kilofuromazin. Paul Janssen ya fitar da halofiridol a Beljiyam a 1958.

4.0 Illa Ta Zama Jagora

Tun a shekarun farko an lura cewa masu shan kilofuromazin suna samun karkarwa, da sandarewar gaɓoɓi, da jan ƙafa, da daskarewar fuska, tamkar masu cutar Parkinson. Risafin, wanda ake samu daga saiwar wani tsiro na Indiya, shi ma yana haddasa haka. A 1957 Arvid Carlsson, a jami'ar Lund ta Suwidin, ya ba zomayen da risafin ya kwantar sinadarin da jiki ke sarrafawa ya zama dofamin, sai suka miƙe cikin ɗan lokaci. A 1960 Herbert Ehringer da Oleh Hornykiewicz suka nuna a Viyana cewa dofamin ya yi ƙaranci ƙwarai a ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar Parkinson. A 1963 Carlsson da Margit Lindqvist suka kawo hujjar cewa kilofuromazin da halofiridol suna toshe makarɓai ne, kuma a 1976 ƙungiyoyin Philip Seeman da Solomon Snyder suka nuna cewa ƙarfin kowane magani a asibiti ya yi daidai da ƙarfin riƙonsa ga makarɓan dofamin.

Wannan ya ba ma'aikacin jinya taswirar da bai taɓa samu ba. Dofamin yana aiki a hanyoyi da dama, kuma magani ba ya zaɓen hanya. Toshe shi a hanyar da ke da alaƙa da jin muryoyi da ruɗanin tunani yana kawo sauƙi. Toshe shi a hanyar da ke sarrafa motsi yana kawo karkarwa, murɗewar wuya, ko kasa zama wuri guda. Toshe shi a hanyar da ke danne sinadarin nono yana kawo ɗaukewar haila da zubar nono. Haka kuma, taɓa makarɓan asitilkolin yana kawo bushewar baki, ƙullewar ciki da dishi-dishin gani, taɓa na noradirenalin kuma yana kawo jiri idan an miƙe tsaye. Daidaiton da ke tsakanin dofamin da asitilkolin shi ne dalilin ba da benzhekzol domin rage sandarewa, maganin da a yau wasu matasa a Nijeriya ke sha ba bisa ƙa'ida ba da sunan Exol.

Amfanin wannan sani a aikace yake. Majinyacin da ya kasa zama saboda illar magani yana kama da wanda ciwonsa ya tashi. Idan aka ɗauka ciwon ne aka ƙara masa magani, sai abin ya tsananta. Wanda ke tare da shi dare da rana ne ya fi kowa damar bambancewa.

5.0 Sabon Aikin Ma'aikacin Jinya

A 1952, shekarar gwajin Sainte-Anne, Hildegard Peplau ta wallafa littafinta a Amurka kan dangantakar ma'aikacin jinya da majinyaci, inda ta ɗauki wannan dangantaka a matsayin magani mai zaman kansa. Tun daga lokacin fannin yake tafiya da waɗannan gado biyu. Maganin ya kwantar da ɗakunan har zance ya yiwu, amma ya kuma buɗe ƙofar mayar da jinya rabon ƙwayoyi kawai.

Masana tarihi sun yi saɓani kan rawar da magani ya taka wajen rage cunkoson asibitoci, domin asibitin Dingleton na Sikotlan ya buɗe ƙofofinsa tun 1949, kafin zuwan Largactil, kuma manufofin gwamnati da lissafin kuɗi sun yi tasiri. Abin da ba a musu a kansa shi ne aikin ya bi majinyata zuwa gida. Asibitin Warlingham Park na Ingila ya fara tura ma'aikatan jinya cikin al'umma a 1954, kuma allurai masu daɗewa a jiki da suka fito a shekarun 1960 sun zama ginshiƙin wannan aiki.

Kowane magani ya zo da nasa nauyin lura. A 1963 Barry Blackwell ya danganta mummunan hawan jini ga cin cuku a wajen masu shan magungunan dangin ifuroniyazid, sai koyar da abinci ya shiga aikin jinya. Litiyam kuwa tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke cutarwa kaɗan ce, don haka ana auna shi a jini sa'o'i 12 bayan sha, kuma zawo, amai ko yawan gumi na iya ɗaga shi zuwa guba. Motsin baki da harshe da ke bayyana bayan shekaru, wanda sau da yawa ba ya warkewa, ya sa aka samar da ma'aunin dubawa na musamman a shekarun 1970.

Kilozafin ya fi kowanne nuna wannan nauyi. A 1975 an samu mace-mace a Finlan sakamakon rushewar fararen ƙwayoyin jini, aka janye shi a ƙasashe da dama. Binciken John Kane na 1988 ya nuna yana taimakon waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, sai ya dawo bisa sharaɗin gwajin jini, wanda a Birtaniya ake yi kowane mako har makonni 18 na farko. Daga baya aka fahimci cewa mutane da yawa 'yan asalin Afirka ta Yamma suna da ƙarancin waɗannan ƙwayoyi a halitta ba tare da wata cuta ba, kuma ma'aunin farko ya sa an hana wasunsu maganin ko an tsayar musu da shi ba dalili. Sai da aka gyara ma'aunin domin su.

6.0 Iyakar Bayanin Sinadari

A 1965 Joseph Schildkraut ya gabatar da hasashen cewa tsananin damuwa yana da nasaba da ƙarancin noradirenalin, kuma a 1967 Alec Coppen ya karkata ga sirotonin. Schildkraut da kansa ya yi gargaɗin cewa hasashen ya sauƙaƙa al'amari mai sarƙaƙiya. Bayan amincewa da Prozac a Amurka a ƙarshen 1987, talla ta mayar da hasashen tamkar tabbataccen ilimi, kuma bayanin rashin daidaiton sinadari ya zama abin da ake faɗa wa majinyata a ko'ina.

Hujjojin ba su kai nan ba. Magani yana sauya yawan sinadari cikin sa'o'i, amma sauƙi yakan ɗauki makonni. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu sikizofireniya ba sa samun isasshen sauƙi daga toshe dofamin. Ruwa yana kashe gobara, amma ba rashin ruwa ne ya tayar da ita ba. A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta suka wallafa nazarin da bai sami tsayayyar hujjar ƙarancin sirotonin ba. An soki hanyar nazarin, kuma masana da yawa sun nuna cewa ingancin magani tambaya ce daban da asalin ciwo. Ma'aikacin jinya ne ke fuskantar majinyacin da ya ji labarin ya yanke shawarar daina shan magani kwatsam, alhali hakan na iya kawo alamun janyewa ko dawowar ciwo.

7.0 Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa ilimin sinadaran ƙwaƙwalwa ya fi ƙarfi wajen bayyana abin da magani ke yi a jiki, ya kuma fi rauni wajen bayyana dalilin ciwo. Ɓangaren mai ƙarfi shi ne ma'aikacin jinya ya fi bukata: hango illa, bambanta ta da ciwo, da sanin lokacin da zazzaɓi tare da sandarewa ke nufin gaggawa. Nauyin ya ƙaru tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirinta na cike giɓin lafiyar ƙwaƙwalwa a 2008, wanda ya ɗora kulawar a kan ma'aikatan da ba ƙwararrun likitoci ba a ƙasashen da likitocin suka yi ƙaranci. Horon da ya dace da wannan tarihi shi ne wanda zai koyar da taswirar makarɓai tare da iyakarta, ya kuma koyar da yadda ake gaya wa majinyaci gaskiyar abin da aka sani game da maganinsa ba tare da an rage masa ƙwarin guiwar shan sa ba.