Zare: 'Yan ƙwallon Japan da suka tafi ci-rani

1/ Duk mai zuwa gidan kallo ya san Mitoma, ya san Kubo da Endo. To akwai wani ayarin 'yan Japan da ba a haska wasansu ko'ina: masu taka leda a Montenegro, Malta, Bhutan, Zambiya, har Ghana. Tarihinsu zan kawo yau. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama.

2/ Mu fara daga tushe. Kafin 1993 Japan ba ta da lig na ƙwararru. Gasar da ake yi tun 1965 ta kamfanoni ce, ɗan wasa ma'aikaci ne, ya je aiki da safe, da yamma ya fita atisaye. Wanda yake son ya ci abinci da ƙwallo zalla, sai dai ya bar ƙasar.

3/ Haka Yasuhiko Okudera ya yi. Ma'aikacin kamfanin Furukawa ne, a 1977 FC Köln ta Jamus ta ɗauke shi. A kakarsa ta farko suka ɗauki Bundesliga da kofin Jamus, a 1979 kuma ya ci Nottingham Forest a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Turai. Wannan ya shiga ta babbar ƙofa.

4/ Wanda ya buɗe ƙaramar ƙofar shi ne Kazuyoshi Miura. A 1982 yana ɗan shekara 15 ya bar makaranta ya tafi Brazil. Santos ta ba shi kwantiragi a 1986, amma yawancin shekarun nan a ƙananan kulob ya yi su, yau nan gobe can. Ya koma gida a 1990 ya zama tauraron ƙasa. Yara suka gani da idonsu cewa ashe ana iya tafiya hannu rabbana a dawo da suna.

5/ J.League ta fara a 1993 da kulob 10, kuɗi kamar ƙasa, har su Zico da Lineker suka je. Ba a daɗe ba tattalin arziki ya taɓu. A ƙarshen kakar 1998 Yokohama Flügels ta rushe saboda masu ɗaukar nauyinta sun janye, alhali a kakar ce ta ci kofin Sarki. Daga nan kulob-kulob suka riƙe aljihu gam.

6/ Nan ne gizo ke saƙar. Japan tana samar da 'yan wasa fiye da yadda za ta iya ba su aiki. Makarantun sakandare dubbai ne ke shiga gasar ƙasa duk shekara, jami'o'i ma da nasu lig mai ƙarfi, Mitoma kansa daga jami'ar Tsukuba ya fito. Yaro ya gama digiri yana 22, ya ƙware, amma gurbi babu. Wanda ma ya samu, a baya an daɗe ana ƙayyade wa sabon shiga albashin da bai kai yen miliyan 5 a shekara ba.

7/ Tun 2002 kuma, duk ƙarshen kaka ana tara waɗanda aka sallama a yi musu gwaji na haɗin gwiwa, masu neman 'yan wasa na zaune suna kallo. Wanda aka kira ya tsira. Wanda ba a kira ba, ko dai ya rataye takalmi ya nemi aikin ofis, ko ya ɗauki jaka. Shi ya sa na kira abin ci-rani.

8/ Sarkin 'yan ci-ranin nan, a wajena, Dan Ito ne. Eh, sunansa ke nan, ba ɗan gidan Ito nake nufi ba 😂 Mutumin Sapporo ne, ya bar kulob ɗin Sendai, a 2001 ya sauka Singapore. Sai ya kafa wa kansa doka: kowace shekara sabuwar ƙasa.

9/ Hong Kong, Tailan, Malesiya, Brunei, Maldives, Indiya, Myanmar, Nepal, Mongoliya, Bhutan, jeren ya haura ƙasashe da yankuna 20 kafin ya ajiye a 2019. Sau da yawa da kansa yake zuwa gari ya nemi a gwada shi, ya yi cinikin albashinsa. Ban ɗauke shi gwarzon ɗan wasa ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma ƙarfin halin da ake buƙata mutum ya yi shekara 18 kullum yana baƙo, ba kowane mai Ballon d'Or ke da shi ba.

10/ Abin da Ito ya yi shi kaɗai, daga baya ya zama tsari. A 2004 Albirex Niigata ta buɗe reshe a Singapore, kulob guda na matasan Japan a cikin lig ɗin wata ƙasa. Sun ɗauki lig ɗin a 2016, 2017, 2018, 2020, 2022 da 2023. Na 2018 ko wasa ɗaya ba a ci su ba. Daga 2024 aka mayar da kulob ɗin na 'yan gida.

11/ Sai dokar AFC ta 2009, wadda ta ba kulob damar ƙara baƙo ɗaya a kan uku, muddin ɗan Asiya ne. Lig-lig da yawa suka kwaikwaya. Wa za a sa a gurbin? Ɗan Japan: ga horo tun yarinta, ga zuwa atisaye kan lokaci, ga araha. Tailan musamman ta cika da su.

12/ Misali ɗaya a gurguje. Taisei Marukawa ya gama jami'ar Chuo, ya tafi Malta, ya wuce Latbiya, sannan Persebaya Surabaya ta Indonesiya. A kakar 2021/22 shi aka zaɓa gwarzon ɗan wasan lig ɗin gaba ɗaya. A Surabaya tauraro ne, a Tokyo zai shiga jirgin ƙasa ba wanda ya waiwaye shi.

13/ Afirka fa? Kaɗan ne, amma akwai. A 2019 Kosuke Nakamachi, yana shekara 33, ya bar Yokohama F. Marinos da albashinta mai kauri ya koma ZESCO United ta Ndola a Zambiya. A 2021 Jindo Morishita ya sa hannu a Ebusua Dwarfs ta Cape Coast. Mu yaranmu na fafutukar fita, su kuma suna shigowa. Bambancin dai, idan ta ƙi ci, shi yana da fasfon da zai kai shi kusan ko'ina da gidan da zai koma.

14/ 'Yan kasuwa ma sun gano bakin zaren. A 2017 kamfanin DMM ya sayi Sint-Truiden ta Beljiyam ya mayar da ita zango. Tomiyasu ya bi ta nan zuwa Bologna da Arsenal, Endo zuwa Stuttgart da Liverpool. Amma kada a haɗa su da mutanenmu na sama. Waɗannan da sunansu suka fito daga J.League, an share musu hanya.

15/ Na ajiye Kohei Kato a ƙarshe da gangan, don shi ne wanda ya kusa haɗa hanyoyin biyu. Ɗan tsakiya ne mai tare hanya. Ya fara gwada sa'a a Sacachispas, wani kulob na 'yan dagaji a Ajantina, ya dawo ya yi kaka ɗaya a Machida Zelvia. A 2013 ya tafi Rudar Pljevlja, a wani garin haƙar kwal na arewacin Montenegro.

16/ Da shi suka ci lig a 2015. Ya wuce Podbeskidzie ta Poland, daga nan Beroe ta Bulgeriya. Kwatsam a watan Mayun 2017 koci Vahid Halilhodžić ya karanto sunayen tawagar ƙasa, sai ga Kato. 'Yan jarida da yawa sai da suka shiga intanet neman ko wane ne.

17/ Gardama ta kaure. Wasu suka ce raini ne ga 'yan J.League, ta yaya za a tsallake su a ɗauko mutum daga Bulgeriya? Shi kuwa kocin, ɗan Bosniya ne, ya san filayen yankin nan, kuma ya daɗe yana ƙorafin cewa 'yan wasansa ba sa iya gogayyar jiki da jiki. Ni ina bayansa a nan. Wanda ya yi shekara huɗu ana tokarinsa cikin sanyin Balkan da Poland ya koyi abin da ba a koyarwa a Tsukuba.

18/ Sai dai Kato bai buga wa Japan ko minti ɗaya ba, ba a kuma sake kiransa ba. A 2018 aka sallami Halilhodžić ana saura wata biyu a fara kofin duniya. A shekarar Kato ya koma gida ya shiga Sagan Tosu, bai samu wuri ba. A 2019 ya sake ɗaukar jaka ya koma Poland, wajen Widzew Łódź, wadda a lokacin take rukuni na uku.