Fitilar Goshi: Yaushe Ake Gyara Ta, Yaushe Ake Sauya Batir, Yaushe Ake Haƙura Da Ita?

Fitilar goshi, wadda wasu ke kira tocilan mafarauta, ita ce ƙaramar fitilar da ake ɗaurawa a ka domin hannuwa biyu su samu sukunin aiki. A garuruwa irin su Tarai da ke ƙaramar hukumar Kibiya, da Rano da Rurum masu duwatsu, da ita manomi ke ban-ruwa da dare, da ita ɗan sintiri ke zagaye, da ita maharbi ke leƙa kogon dutse. Mai haƙar rijiya na sauka da ita, haka ma masu haƙar ma'adinai a wurare irin su Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa. Ga mai shayi, mutuwar fitila ɓacin rai ne na ɗan lokaci. Ga wanda ke can cikin rami kuwa, magana ce ta rai.

Asalinta

A ramukan ma'adinai da koguna aka raini wannan fitila. Da can masu haƙa da masu binciken koguna a Turai da Amurka suna amfani ne da fitilar kabaid, wato dutsen nan da masu walda ke zuba wa ruwa ya ba da iskar gas mai ci da wuta. Daga baya aka samu ta lantarki, har wani Bafaranshe mai shiga koguna, Fernand Petzl, ya yi suna wajen ƙera ta. Abubuwa biyu suka kawo ta inda take a yau: batirin litiyam da kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, da farin ƙwan LED mai haske da yawa da cin wuta kaɗan, wanda ya samo asali daga binciken da ya sa masana uku 'yan asalin Japan suka samu kyautar Nobel a 2014.

Inda matsala ta fi aukuwa

Sassanta biyar ne: ƙwai, batir, makunni, waya, da ƙaramin allon da ke daidaita wuta. Ƙwan LED ba kasafai yake mutuwa ba. Saboda haka idan fitila ta ƙi kamawa, a fara duba masu sauƙi. Gumi da raɓa da ruwan batirin da ya daɗe a ciki suna sa tsatsa ta ci ƙarafan da batir ke taɓawa. Sai a goge su da samfefa mai laushi. Idan haske na ɗaukewa yana dawowa a duk lokacin da mutum ya motsa kai, galibi waya ce ta karye a daidai inda take shiga kan fitilar ko akwatin batir. Mai gyaran waya ko rediyo zai yanke wurin ya sake liƙewa da dalma. Makunnin da ƙurar hunturu ta toshe ma ana sauya shi da kuɗi kaɗan.

Sanin batir

Batir iri uku aka fi samu. Na farko su ne ƙananan da ake jefarwa idan sun ƙare, masu bolt 1.5 kowanne. Na biyu shi ne na dalma mai bolt 4 da ke cikin fitilu masu araha da ake sokawa kai tsaye a soket; yana da nauyi, kuma yana saurin mutuwa idan aka bar shi ba caji. Na uku shi ne na litiyam, musamman samfurin 18650, wanda sunansa ke nuna girmansa: kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65. Yana aiki a kan bolt 3.7, yana cika a 4.2, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 2.5 ba. Yakan jure caji sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai.

A nan ne ake yawan cutar masu saye. Manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung da LG suna yin 18650 mai ɗaukar mAh 2,500 zuwa 3,500 ne. Duk wanda aka rubuta wa 8,800 ko 9,900, rubutun ƙarya ne. Sikeli ma na tona asiri: na ƙwarai yana kai kimanin giram 45, na jabu kuwa sau da yawa bai kai haka ba. Lissafin daɗewa ba shi da wuya. Batir mai mAh 3,000 zai riƙe ƙwai mai cin wat 3 na kimanin awa uku da rabi. Idan aka rage hasken zuwa wat 1, zai haura awa goma.

Ƙara mata ƙarfi

Ana iya mayar da fitila mai batirin dalma ta koma ta litiyam, amma da sharaɗi ɗaya da ba a sassauta shi: dole a cire tsohon tsarin cajinta. Tsarin ba ya yanke wuta idan batir ya cika, litiyam kuwa idan aka ɗura masa wuta fiye da kima yakan yi zafi har ya kama da wuta. A maimakonsa a sa ƙaramin allon caji irin TP4056 mai kariya, wanda ke aiki da cajar waya, ke kuma yankewa a bolt 4.2. Wannan na da amfani a karkara, inda aka fi dogara da shagon caji da hasken rana.

Idan za a haɗa batir biyu ko uku wuri guda, su kasance iri ɗaya, masu shekaru ɗaya, kuma mita ta nuna ƙarfinsu daidai kafin a haɗa. Kada a gwama tsoho da sabo. Kada a daɗe da ɗora ƙarfe mai zafi a kan batir wajen liƙa waya. Ya fi kyau a yi amfani da akwatinsa. Waɗanda ake cirowa daga tsofaffin kwamfutoci na iya yin aiki a shago, amma duk wanda ya sauka ƙasa da bolt 2, ko rigarsa ta yage, ko yake zafi a wurin caji, a rabu da shi.

Lokacin haƙura

Idan jikin fitila ya tsage har ruwa na shiga, ko allon cikinta ya ƙone, ko kuɗin gyara ya kai rabin kuɗin sabuwa, saye ya fi. Wajen zaɓe a duba alamar jure ruwa: IPX4 na jure yayyafi, IPX7 kuwa na jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. A fifita wadda ake iya cire batirinta a sa wani, domin wadda aka rufe batirinta ruf, ranar da ya mutu ita ma ta mutu.

Ga masu shiga ƙarƙashin ƙasa

Ƙa'idar masu binciken koguna a duniya ita ce kowa ya shiga da fitila uku, kowacce da batirinta. Fitilar da aka gyara ta zama ta biyu, ba ta farko ba, har sai an gwada ta tsawon dare. Akwai kuma haɗarin da mutane ba su cika lura da shi ba. Harshen wutar aci-balbal yakan dushe idan iskar rami ta lalace, ya zama gargaɗi. LED kuwa haskensa ba ya canzawa ko da iskar ba ta shaƙuwa. Haske mai kyau a rijiya ba shaida ba ce cewa akwai iska. Kada a sauka sai da igiya da mutum a sama, kada kuma a kunna injin ban-ruwa ko janareta a ciki ko a bakin rami, saboda hayaƙinsa na kisa.

Adanawa da zubarwa

Zafi shi ne babban maƙiyin litiyam, ga shi a watannin Maris da Afrilu zafin Kano na haura digiri 40. Kada a bar fitila a rana ko a cikin mota, kada a yi caji a kan katifa ko kusa da fetur, kada kuma a sa batir tsirara a aljihu tare da makullai. Idan za a daɗe ba a yi amfani da shi ba, a ajiye shi da rabin caji. Mataccen batir ba a jefa shi a wuta ko a bola, ba a kuma bar wa yara su fasa, musamman na dalma, wadda gubarta ke lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. A naɗe bakinsa da salatif, a miƙa shi ga masu karɓar tsofaffin batura.