Zaiba: Gubar da Ke Shiga Gida a Ɓoye

Zaiba wani ƙarfe ne mai ruwa-ruwa, fari kamar azurfa. Idan ya zube yana fitar da tururi marar wari, wanda ido ba ya gani. Shaƙarsa na lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ƙoda. Daga cikin alamominsa akwai rawar hannu da yawan mantuwa. Mai ciki da jariri sun fi kowa shiga haɗari, domin yana ratsawa zuwa ga ɗan tayi, yana kuma shiga nonon uwa.

A shekarar 1956 aka gano cutarsa a garin Minamata na ƙasar Japan, inda mutane suka ci kifin da wata masana'anta ta gurɓata. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan rage amfani da zaiba, wadda Nijar ta amince da ita a 2017.

Ta ina yake shigowa?

Ya kai mai karatu a Magarya ko Dungas, kula da waɗannan ƙofofi uku:

1. Man shafawa da sabulun sa hasken fata. Wasunsu na ɗauke da zaiba, ko da ba a rubuta a jikin kwalin ba. Idan ka ga an rubuta “mercure” ko “calomel”, kada ka saya.

2. Aikin zinariya. Masu haƙa suna kama zinariya da zaiba, sa'an nan su ƙona shi. Idan ɗanka ya dawo daga mahaƙa, kada ya yi wannan ƙuna a cikin gida. A wanke tufafin aikinsa daban.

3. Ma'aunin zafin jiki na gilashi, da dogon ƙwan lantarki, da wasu ƙananan batiran agogo.

Idan ma'auni ya fashe

Ka fitar da yara da masu ciki. Ka buɗe ƙofa da taga. Kada ka share da tsintsiya, domin tana warwatsa shi. Ka tattara ɗigon da takarda mai kauri, ba da hannu ba, ka zuba a kwalba, ka rufe sosai. Kada ka jefa a wuta, ko kusa da rijiya ko tabki. Ka nemi shawarar ma'aikacin lafiya mafi kusa.

Ka tuna, zaiba ba ya ruɓewa. Wanda ka zubar yau, jikokinka na iya tarar da shi a ƙasa da ruwa.