Masaba da Uwar Maƙera: Waiwaye a kan Tarihin Nazarin Koyon Sarrafa Gaɓoɓi

Manufar wannan takarda ita ce bin sawun tambaya guda wadda ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya, watau yadda hannun ɗan Adam yake koyon aiki har ya ƙware. Za mu ɗauki ƙira ta zama madubinmu, domin kuwa a kan mai bugun ƙarfe aka gudanar da binciken da ya sauya alƙiblar wannan fanni, ga shi kuma ƙasar Kano tana da tsohon tarihi a sana'ar. Binciken kufai ya nuna an narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7, sa'an nan Philip Jaggar ya buga littafi sukutum a kan maƙeran birnin Kano a 1994.

A ƙasashen Turai sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka fara auna motsin jiki a ɗakin gwaji. A 1899 Robert Woodworth na Amurka ya sa mutane suna ja layi da fensir, da sauri da kuma a hankali, ido buɗe da ido rufe. Ya gano cewa motsi iri biyu ne a haɗe: akwai yunƙurin farko wanda aka riga aka shirya, akwai kuma gyaran da ido yake yi gab da isa. Idan sauri ya yi yawa, ido ba ya samun zarafin gyara. A 1906 Charles Sherrington na Ingila ya bayyana wani ji na daban da yake fitowa daga tsoka da gaɓoɓi, wanda da shi ne mutum yake sanin inda hannunsa yake ko a cikin duhu.

Amma a ganina babban ginshiƙin fannin shi ne Nikolai Bernstein, mutumin Rasha. A 1922 ya shiga wata cibiyar nazarin ƙwadago a Mosko, wadda hukuma ta kafa da nufin gano hanya ɗaya mafi kyau ta yin kowane aiki, a koya wa ma'aikata ita kamar karatu. Sai ya ɗaura ƙananan fitilu a gaɓoɓin masu bugun ƙarfe da kuma kan gudumarsu, ya yi ta ɗaukar hoto. Abin da ya fito ya saɓa wa abin da aka aike shi nema. Kan guduma yana bin kusan hanya ɗaya a kowane bugu, alhali kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu ba su maimaita abin da suka yi a bugun baya. Ashe gwani ba haddace motsi ya yi ba. Warware matsalar yake yi sabuwa a kowane bugu. Daga nan Bernstein ya nuna cewa ɗan koyo yakan sandare gaɓoɓinsa don ya rage abin da zai kula da shi, sai a hankali ya riƙa sakinsu. Ra'ayin nan ya ci karo da koyarwar Pavlov, saboda haka aka mayar da shi saniyar ware daga wajen 1950. Ya rasu a 1966, littafinsa kuma bai fito da Ingilishi ba sai 1967, shekarar da Fitts da Posner suka kasa koyo mataki uku: fahimta, da gyare-gyare, da lokacin da hannu yake aiki ba tare da tunani ba.

To, mu dawo gida. A maƙerar Bahaushe ba a miƙa wa yaro masaba ranar farko. Zuga ake fara ba shi, yana danna zugazugi yana kallon launin ƙarfe, kunnensa yana sabawa da amon bugu. Sa'an nan ya riƙe awartaki, ya yi ƙananan abubuwa, kafin a bar shi da ruwan fartanya ko lauje. Ba safai ubangidansa yake ce masa ya ɗaga gwiwar hannu kaza ba. Abin da ya ƙera ake dubawa, in bai yi ba a mayar wuta. Haka ɗan manomi a Unguwar Tudu da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo yake koyon huɗa: kunyar ake kallo, ba ƙugunsa ba. Ban ce magabatanmu sun riga Bernstein ga nazari ba, don ba su auna kome ba, ba su kuma rubuta ba. Abin da nake cewa shi ne tarbiyyarsu ta fi dacewa da sakamakonsa bisa ga atisayen jeri da aka gada daga makarantun zamanin Turawa, inda yara arba'in suke ɗaga hannu lokaci ɗaya bisa umarnin usur.

A 1975 Richard Schmidt ya kawo hujjar cewa sauya yanayin gwaji, kamar nauyi da nisa, yana taimakon ɗan koyo ya iya abin da bai taɓa gamuwa da shi ba. Maƙerin ƙauye yana sarrafa tsohon ƙarfen mota yau, gobe guntun rodi, kowanne da taurinsa, ɗansa kuma yana gefe yana zuga.